Uwargida, Keken Ɗinkin Nan Sai Yaushe?

Shekara nawa ke nan kina cewa za ki sayi keken ɗinki? Bana ta koma baɗi, yara suna girma, hidima tana ƙaruwa, har yau ko kuɗin sabulu sai kin jira maigida. Sau da yawa abin da ke kashe irin wannan buri shi ne ba a yanka masa adadi ba, ba a kuma sa masa rana ba.

Da farko ki aika kasuwa a tambayo miki farashin keken, ki rubuta shi a takarda, sannan ki raba shi kwana-kwana. Naira 200 kullum, daga cinikin zoɓo ko kuɗin kitso, ita ce 6,000 a wata, 73,000 a shekara. In ta yi miki nauyi ki fara da 100. Kaɗan ɗin da za ki iya kullum ya fi mai yawan da za ki bari bayan mako guda.

Sai ki ɗaura ajiyar a kan wani aiki da ba ya wuce ki. Ki ce: “Da na sauke tukunyar rana zan jefa kuɗin a asusu.” Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya yi bayani a 1999 cewa wanda ya tsayar da lokaci da wurin da zai yi abu ya fi cika niyyarsa.

Ki sayi asusun da sai an fasa, ki ajiye shi nesa da idon yara da na dillaliya. Duk ranar da kika jefa, ki ja layi a kalanda.

Wata rana za ta kuɓuce miki, ko don biki ko don jinyar yaro. Kada ki karaya. Binciken Phillippa Lally a Landan a 2009 ya nuna cewa sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ma fiye da haka, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe shi. Washegari ki ɗora daga inda kika tsaya, domin da yayyafi kogi kan cika.

Yau ɗin nan ki aika a tambayo farashin, ’yar’uwa. Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.