Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Warware Wasan Cike Gurbi

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a gidan da ake hira bayan sallar isha'i ya san daɗin kacici-kacici. Wani zai jefo magana a dunƙule, sauran yara su yi ta lalube har Allah ya ba ɗaya sa'a ya canka, idan kuma an kasa a ba mai tambaya gari. Turawa ma suna da irin nasu, sai dai su a takarda suka zuba shi, suka ja masa gidaje kamar na dara. Shi ne wasan cike gurbi da ke fitowa kullum a shafukan bayan jaridu, yanzu kuma har a wayoyin hannu. Wannan maƙala za ta duba yadda ake fahimtar manuniyar wasan, wato gajeren bayanin da ke nuna kalmar da ake nema, da abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa lokacin da ake neman amsa. Dalili kuwa shi ne, a wajen duba takardun jarrabawa nakan ga ɗalibai masu ƙoƙari sun faɗi, alhali sun san darasin, saboda sun amsa tambayar da ba ita aka yi musu ba.

Asalin wasan

Wani ɗan jarida haifaffen Liverpool ta ƙasar Ingila, mai suna Arthur Wynne, shi ya fara buga wasan a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya fitar da littafin farko na irin waɗannan wasanni. Jaridar The Times ta Landan ta soma nata a 1930, New York Times kuma a 1942. Babban wasan da wannan jarida ke bugawa daga Litinin zuwa Asabar yana da gida 15 a kwance da 15 a tsaye. A 2014 ta ƙaro ƙaramin wasa wanda a yawancin ranaku gida 5 ne a kwance, 5 a tsaye, da manuniya kamar goma. Wannan ƙaramin shi ya fi dacewa da mai koyo, domin ana iya gama shi kafin shayi ya huce.

Ƙa'idojin karanta manuniya

Tsakanin mai shirya wasa da mai warwarewa akwai alkawari: mai shiryawa yana da damar yin dabara, amma ba shi da damar yin ƙarya. Ga ƙa'idojin, da misalan da na ƙaga da Hausa. Lambar da ke cikin baka tana nuna yawan haruffan amsa.

Ta farko, siffar amsa takan bi siffar manuniya. Idan aka ce "Dabbobin da ake tatsa (5)", wanda ya rubuta AKUYA ya kuskure, duk da cewa haruffanta biyar ne, domin jam'i aka tambaya. Amsar sai ta kasance AWAKI ko SHANU.

Ta biyu, idan manuniya ta ambaci taƙaitawa, amsar ma a taƙaice take. "Jami'ar da ke Zariya, a taƙaice (3)" ita ce ABU.

Ta uku, manuniya mai giɓi ita ta fi sauƙi, don haka da ita ake farawa. "Sannu ba ta hana ___ (4)" ba ta buƙatar dogon tunani kafin a rubuta ZUWA.

Ta huɗu, alamar tambaya a ƙarshen manuniya gargaɗi ce cewa akwai wasa da kalma. "Mai haƙora da ba ya tauna? (5)" ba dabba ake nufi ba, ZARTO ne. Hausa kuwa ta dace da irin wannan tarko ƙwarai, tun da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar da aka rubuta gari tana iya zama birni ko abin tuƙa tuwo, wuya kuma gaɓar jiki ko wahala. Saboda haka "Ana miya da ita, jariri ma yakan yi? (4)" amsarta KUKA.

Shaidu biyu

Ko an kiyaye waɗannan ƙa'idoji, manuniya ɗaya takan karɓi amsa fiye da ɗaya. A nan ne amfanin gicciyawar kalmomi ke bayyana. A ƙaramin wasa irin na Amurka kowane harafi yana cikin kalma biyu, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye.

Alal misali, an ce a kwance: "Gaɓa a cikin cikin mutum (5)". Ɗalibin ilmin halittu zai tuno HANTA, HANJI, SAIFA da TUMBI, kuma dukkansu haruffa biyar ne. Mai gaggawa zai rubuta wadda ta fara zo masa. Mai haƙuri kuwa zai duba kalmar da ta sauko daga gidan farko: "Da shi ake sansanar ƙamshi (5)", wato HANCI. Harafin H ya kori saifa da tumbi. Sai ya duba wadda ta sauko daga gida na huɗu: "Jan ruwa mai gudana a jijiya (4)", wato JINI. Harafin J ya yanke hukunci, amsar HANJI ce. A lura cewa baƙaƙe sun fi wasula ba da haske, domin kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa. Haka nan dole a kiyaye ƙugiya, tun da baki daban, baƙi daban.

Wannan ita ce hanyar da masanin kimiyya ke bi a ɗakin gwaji. Yakan yi hasashe, ya nemi wata shaida mai zaman kanta, idan ta saɓa wa hasashen ya goge shi komai ƙaunar da yake yi masa. Shi ya sa ake shawartar mai koyo ya yi wasan da fensir.

Abin da ke gudana a ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kalmomi ba a jere suke a cikinta kamar a ƙamus ba. A sarƙe suke da juna, ta fuskar ma'ana da ta fuskar sauti, ta yadda taɓa ɗaya kan motsa maƙwabtanta. Manuniya tana shiga ta ƙofar ma'ana, harafin da aka samu kuma ta ƙofar sauti.

Kowa ya taɓa cewa, "Ga sunan nan a bakina amma ya ƙi fitowa." A 1966 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard, Roger Brown da David McNeill, suka riƙa karanta wa ɗalibai ma'anonin kalmomin da ba a cika amfani da su ba. Suka tarar cewa wanda kalma ta maƙale wa sau da yawa yana iya faɗin harafinta na farko da yawan gaɓoɓinta. Ashe kalmar tana nan, hanyar isa gare ta ce ta toshe, kuma harafi ɗaya yakan isa ya buɗe ta.

Sau da yawa abin da ke toshe hanyar shi ne amsar kuskure da ta riga ta zauna a rai. Maganinta a bar manuniyar, a koma wata, a dawo daga baya. Sai ka ga amsa ta faɗo farat ɗaya. A 2004 Mark Jung-Beeman da John Kounios da abokan aikinsu suka auna ƙwaƙwalwar mutanen da ke warware wasannin kalmomi. Suka ga wani sashe na ɓangaren dama, daura da kunne, yana yin motsi mai ƙarfi kimanin sulusin daƙiƙa kafin mutum ya ba da irin wannan amsa ta farat ɗaya.

Akwai kuma labarin Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, likita ya cire masa wani sashe na cikin ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, dama da hagu, domin magance farfaɗiya. Daga nan ya kasa riƙe sababbin abubuwa har ya rasu a 2008, amma bai daina son wasan cike gurbi ba. Da masu bincike suka gwada shi, sai suka ga yana amsa manuniyar da ta shafi abubuwan da ya sani kafin 1953, yana kuma shan wahala da na bayan wannan shekara. Wannan ya nuna cewa ajiye sabon ilmi aiki ne daban, zaƙulo tsohon kuma aiki ne daban.

Shin wasan yana ƙara basira?

A 2022 masana na jami'o'in Columbia da Duke suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa dattawa 107 masu ɗan raunin tunani na tsawon mako 78. Waɗanda suka yi wasan cike gurbi sun ɗara waɗanda suka yi wasu wasannin kwamfuta a gwajin tunani. Sai dai gwaji ne na dattawa, kuma bai nuna cewa wasan rigakafin cutar mantuwa ba ne.

Abin da ya fi shafar makaranta shi ne binciken Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006. Ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun kawai. Kowace manuniya kuwa tilasta wa mutum tunowa take yi.

Kammalawa

Shawarata ga malamai ita ce, a ƙarshen kowane babi a zana gidaje a allo, a cika su da kalmomin darasin, wani lokaci kuma a bar ɗalibai su shirya wa junansu manuniya, domin sai wanda ya fahimci kalma yake iya ɓoye ta. Ɗalibi kuwa ya ɗauki tambayar jarrabawa kamar manuniya: ya duba jam'i aka ce ko tilo, dalili ake nema ko misali, sannan ya gwada amsarsa da wani abin da ya tabbatar kafin ya ɗora biro.

Ga guda ɗaya a gwada kafin fitowa ta gaba: "Ƙwaron da ke gama gona, amma sunansa somawa? (4)"