Jarin kasada: a yi tambaya kafin a sa hannu

A unguwar Abdulkafi ta birnin Sabha, kamar sauran wuraren da Hausawa ke neman halaliyarsu a kudancin Libiya, sana'a takan fara ne da ɗan abin da mutum ya tara da guminsa, ko wanda ɗan'uwa ya ba shi amana. A shekarun nan kuwa ƴaƴanmu masu ilimin zamani sun zo mana da wani sabon zance: wai akwai kamfanoni a Amurka da Turai masu zuba miliyoyin daloli a sabuwar sana'a, babu ruwa, babu jingina, rabo kawai suke so a cikin mallakarta. Su ne ake kira masu jarin kasada. Mu da muka daɗe a kasuwa muna da shakka a kansu, kuma ga dalilanmu.

Kuɗin da suke zubawa yawanci ba nasu ba ne. Sukan tattara su daga attajirai da asusun fansho, da alƙawarin mayarwa da riba cikin kimanin shekara 10. Sun san mafi yawan sana'o'in da suka shiga za su mutu, don haka fatansu shi ne ɗaya ko biyu su ninka kuɗin sau da yawa, su rufe hasarar sauran. Ke nan sana'ar da ke ciyar da gida biyar cikin rufin asiri ba ta gamsar da su. Za su matsa wa mai ita ya buɗe rassa, ya ɗauki ma'aikata, ya sayar a kan faɗuwa don jawo masu saye, har lokacin da za su sayar da rabonsu su tafi. Idan abin ya rushe, su sun rasa ɗaya cikin ashirin, shi kuwa ya rasa duk abin da ya mallaka. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba mu musun cewa wasu sun dace. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack na Legas a kan fiye da dala miliyan 200. Amma 54gene, wanda aka kafa a Nijeriya a 2019, ya karɓi dala miliyan 45, kuma a 2023 ya rufe. Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Afrilun 2019 a kan dala 14.50 kowane hannu. Cikin makonni farashin ya haura dala 40, kafin ƙarshen shekarar ya dawo ƙasa da dala 10.

Masu sharhin kasuwanci, waɗanda ke ƙiyasta darajar kamfanoni, su ma ba mu ɗaukar maganarsu a matsayin yankan wuƙa. Bayan faɗuwar kamfanonin intanet a 2000, bincike ya nuna wasunsu suna yaba wa jama'a hannun jarin da suke kushewa a asirce, domin bankunansu na cin moriyar kamfanonin. A 2003 manyan bankuna 10 na Amurka suka amince su biya kimanin dala biliyan 1.4 a kan wannan batu. Ko mai gaskiya a cikinsu, lissafinsa daga nesa yake yi. Wane jadawali ne ya hango cewa dokar da Nijar ta kafa a 2015 kan safarar baƙin haure za ta sauya zirga-zirga a hanyar Agadas zuwa Sabha, ko kuma za a soke ta a Nuwamban 2023? A Janairun 2021 farashin dala a hukumance ya tashi daga kimanin dinari 1.4 zuwa 4.48. Direban da ke bi ta Dirku da Gatrun ya fi mai sharhi sanin abin da irin waɗannan sauye-sauye suka jawo wa buhun kaya.

Haɗa kuɗin wani da aikin wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da dukiyar Nana Khadija Manzon Allah (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham, kuma Muwaɗɗa ta Imam Malik tana da babi guda a kan ƙirali. Ƙa'idarsa a fili take: riba a raba bisa kason da aka yarda da shi tun farko, hasarar kuɗi ta hau kan mai kuɗi muddin mai aiki bai yi sakaci ko ha'inci ba. A takardun masu jarin kasada kuwa akan sami sharaɗin cewa idan aka sayar da kamfanin ko aka rushe shi, su za su fara kwashe kuɗinsu kafin kowa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta hana hannun jarin da ke ba wani irin wannan fifiko.

Saboda haka, duk maigidan da ɗansa ko ƴarsa ya kawo masa irin wannan tayi, kada ya kashe masa gwiwa, amma su zauna su nemi amsa a rubuce. Yaushe mai jarin yake son fita, kuma wa zai sayar wa rabonsa? Wa ke da ikon tsige shugaban kamfanin? Idan an yi hasara, wa zai fara ɗauka? Wa ke biyan wanda ya ƙiyasta darajar sana'ar? Sannan a kai takardar wurin lauya da malamin da ya san mu'amala. Idan mai kuɗi ya ƙi amsa ko ya ce a gaggauta, a bar masa kuɗinsa, a ci gaba da juya ɗan abin da ke hannu. Allah Ya sa albarka a neman kowa.