Makaɗan Gargajiya a Filin Washinton: Kallo Kyauta, Amma Wa Ke Biya?

A yawancin shekaru, wajajen ƙarshen watan Yuni da farkon Yuli, akan kafa rumfuna a wani makeken fili da ke tsakiyar birnin Washinton na ƙasar Amurka, tsakanin ginin majalisar dokoki da doguwar hasumiyar tunawa da George Washington. Filin sunansa National Mall, taron kuwa shi ne Smithsonian Folklife Festival, bikin kaɗe-kaɗe da sana'o'in gargajiya. Ba ƙofa, ba tikiti, ba mai tambayar ko sisi. Lokacin tsananin zafi ne a can, don haka za a ga jama'a da huluna da gorunan ruwa, wasu a kan benci, wasu zaune bisa ciyawa, sun tasa wani dattijo mai goge a gaba suna saurare.

Yawancin waɗanda ke hawa dandamalin nan ba su da kamfanin faifai a bayansu. Manoma ne, masunta, kafintoci, mata masu waƙoƙin coci, mutanen da suka gaji kiɗa a gida kuma suke yinsa a bukukuwan garinsu.

An fara bikin a 1967. Shugaban cibiyar Smithsonian na lokacin, S. Dillon Ripley, ya gaji da ganin kayan kiɗa kulle cikin akwatunan gilashi a gidajen tarihi, yana so a fito da su waje a ji muryarsu a hannun masu su. Wanda aka ɗora wa aikin nemo makaɗan shi ne Ralph Rinzler, shi kansa makaɗi ne, kuma ya riga ya san hanya. A 1960 ya je ɗaukar muryar wani tsohon mawaƙi, sai ya ci karo da wani makaho mai jita, Doc Watson, wanda a lokacin bai wuce makaɗin rawa na yankinsu ba. Rinzler ya jawo shi zuwa manyan birane, daga baya Watson ya ci lambobin Grammy da dama. Bikin farko kwana huɗu kacal aka yi, amma mutanen da suka halarta sun haura 400,000.

Abin da ya bambanta wannan taro da sauran shagulgula shi ne yadda ake zaɓen masu wasa. Suna ko yawan masoya ba sa sa a gayyaci mutum. Masu bincike ne ke shiga ƙauyuka da unguwanni watanni kafin biki, su tambayi mutanen wurin wa suka yarda ya iya abin nan, su zauna da shi, su ɗauki sautinsa, sannan a kira shi. Idan ya hau dandamali, akwai mai gabatarwa a gefensa da ke yi wa jama'a bayanin asalin kiɗan da lokacin da ake yinsa, har 'yan kallo su ɗaga hannu su yi tambaya. Wasu masana sun soki tsarin, suna cewa ya yi kama da baje kolin mutane kamar kayan tarihi. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai makaɗin da aka ba lasifika ya yi bayanin kansa da bakinsa ya fi wanda aka rubuta labarinsa a takarda aka manna a bango.

To, idan ɗan kallo bai biya ba, daga ina kuɗin ke fitowa? A ƙasar Hausa amsar mai sauƙi ce, makaɗi ya wasa mutum, mutum ya tashi ya yi liƙi. A can babu wannan. Masu shirya biki ne ke ɗaukar nauyin jirgi da masauki da abinci, su ƙara da ɗan hasafi. Su kuma suna tara kuɗin daga kason gwamnati, da gudummawar kamfanoni da gidauniyoyi, da ƙasashen da aka gayyata, da cinikin abinci da kayan hannu a filin. Ɗaruruwan 'yan sa-kai ne ke riƙe sauran aikin. A birnin Lowell na jihar Massachusetts, inda ake irin wannan biki na kyauta duk ƙarshen Yuli, 'yan sa-kan kan zaga cikin taro da bokitai, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Wannan tsari na dogaro da tallafi yana da rauni. Bayan rufe ma'aikatun gwamnatin Amurka na kwana 35 da ya ƙare a Janairun 2019, bikin Washinton na shekarar ya tsuke zuwa kwana biyu, a 2020 kuma annobar korona ta mayar da shi intanet.

Makaɗi ba ya yin arziki a nan. Ribarsa ita ce sabbin masu saurare, da faifan da zai sayar hannu da hannu bayan wasa, da gayyatar da ka iya biyowa. A zamanin da manhajojin sauraren kiɗa ke biyan ƙasa da senti ɗaya kan kowane saurare, wannan ma ba abin rainawa ba ne. Amma babbar ribar ita ce martabar da yake komawa gida da ita. Dewey Balfa mai goge ne daga jihar Louisiana, cikin al'ummar Cajun masu magana da wani karin Faransanci, waɗanda aka daɗe ana hukunta 'ya'yansu a makaranta idan sun yi harshen. A gida ana kallon kiɗansu a matsayin na ƙauyawa. Da ya yi wasa a bikin kaɗe-kaɗen gargajiya na Newport a 1964, dubban mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Ya koma gida da ƙwarin guiwa, ya shiga makarantu yana koyar da yara, kuma yana cikin waɗanda suka shirya taron karrama kiɗan Cajun a birnin Lafayette a 1974. Taron ya bunƙasa ya zama biki na shekara-shekara, shi ma kyauta.

Akwai kuma Elizabeth Cotten, bahaguwa mai kaɗa jita a juye, wadda ta yi aikatau a gidan wani iyali mai suna Seeger kafin a gane baiwarta. Sai da ta tsufa tukuf ta karɓi Grammy a 1985.

Bikin Washinton bai tsaya kan Amurkawa ba. A 2002 an kawo ɗaruruwan makaɗa da masu sana'a daga ƙasashen tsohuwar hanyar fataucin siliki, a 2003 kuma ƙasar Mali tana cikin manyan baƙi, har magina daga Djenne suka gina ƙofar laka a tsakiyar filin. Kenya ta zo a 2014.

Abin da aka kaɗa a filin ba ya tafiya da iska, domin ana naɗar wasannin ana adanawa. Tun 1987 cibiyar Smithsonian ta karɓi kamfanin faifai na Folkways, wanda Moses Asch ya kafa a 1948, bisa sharaɗin cewa ba za a daina samar da ko ɗaya daga cikin faya-fayansa sama da 2,000 ba, ko ana saye ko ba a saye. A cikinsu akwai faifan kaɗe-kaɗen yankin Jos da ya fito a 1966, kuma mai sha'awa zai same shi a shafin Smithsonian Folkways na intanet.