Annabi Iliya a Kogon Horeb

A Littafi Mai Tsarki, 1 Sarakuna sura 19, akwai labarin da mai son labarin nasara zai so ya tsallake. Annabi Iliya ya gama karawa da annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama, jama'a suka faɗi rubda ciki. Amma da Yezebel, matar Sarki Ahab, ta aiko masa da saƙon kisa, sai gwarzon jiya ya ranta a na kare. Ya bar baransa a Biyer-sheba, ya nausa jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa.

Abin lura shi ne yadda Allah ya tarye shi. Ba tsawa, ba dogon wa'azi. Mala'ika ya tashe shi har sau biyu, ya ba shi gurasa da ruwa, domin wanda yunwa da gajiya suka ci ƙarfinsa ba ya jin nasiha. Masu ziyarar gidan makoki su riƙe wannan. Sai bayan tafiyar kwana 40, a kogon Dutsen Horeb, aka zo kan magana. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, ƙasa ta girgiza, wuta ta biyo baya, Ubangiji kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Mutumin da ya ga ikon Allah cikin wuta a Karmel, yanzu cikin siririyar murya ya ji shi, har ya lulluɓe fuskarsa da mayafi.

Wani zai ce ai wannan lallashi ne kawai, tunda Yezebel tana nan a fada da mugun nufinta. Gaskiya ne haɗarin bai gushe ba, nassin ma bai ce ya gushe ba. Sai dai lallashi kwantar da mutum yake yi, wannan ganawa kuwa tayar da Iliya ta yi. Ya yi kuka cewa shi kaɗai ya rage, aka gyara masa lissafi: akwai mutum 7,000 a Isra'ila da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Tsoro ne ya hana shi ganinsu. Aka kuma umarce shi ya koma ta hanyar da ya biyo, ya naɗa Hazayel da Yehu sarakuna, Elisha kuma ya gaje shi a annabci. Da ya sauko, ya tarar da Elisha a gona yana huɗa da shanu, ya jefa masa mayafinsa.