Malam Aminu Kano Kafin Siyasa: Rayuwar Wani Malamin Midil



Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan aka ambaci sunan Malam Aminu Kano a gabanka, na san abin da zai fara faɗo maka a rai: NEPU, ko PRP, ko filin jirgin sama na Kano, ko babban asibitin koyarwa da aka sa wa sunansa. To, amma ka taɓa tambayar kanka wannan "Malam" da ke gaban sunan, a ina ya samo shi? Ba a dandalin siyasa ba ne. A gida ya gaje shi, sa'an nan ya tabbatar da shi da alli a hannu, a gaban yara, a Makarantar Midil ta Bauchi. Wannan malamin makaranta shi nake so in gabatar maka yau, domin akwai wata tambaya da har gobe take damun ɗalibanmu da iyayensu: shin mutum zai iya zurfi a boko ba tare da ya saki addininsa ba?

Bari in fara bayyana maka mece ce Midil, don na san yaran yanzu ba su tarar da ita ba. A zamanin Turawa, yaro yakan fara da elementare, ya yi shekara huɗu ana koya masa da Hausa. Wanda ya yi fice sai a ɗauke shi zuwa Midil, wadda take makarantar kwana ce a babban garin lardi. A can ne ake shiga Turanci sosai, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, ga kuma darasin Larabci da addini. En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ita ke riƙe da makarantar, ita ke ciyar da yara, ita ke biyan malamai. Wanda ya ƙware a Midil kuma sai ya wuce Kwaleji. Idan kana neman abin da ya yi kusa da ita a yau, to ka ce ƙarshen firamare da ƙaramar sakandare. Kwalejin Rumfa da ka sani a Kano, ai Midil ce a da.

Ka riƙe wannan magana ta En'e da kyau, don za ta dawo mana. Malamin Midil ma'aikacin sarki ne. Albashinsa, da gidan da yake kwana, da ƙarin girmansa, duk suna hannun waɗanda in ya buɗe baki zai iya ɓata wa rai.

An haifi Malam Aminu a shekarar 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan malamai ne na Fulanin Gyanawa, zuriyar da aka sani da ilimin shari'a da alƙalanci. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, wato mai taimaka wa alƙali da binciken hukunci a cikin littattafai. Amma abin da nake so ka lura da shi ya fi wannan. Waɗanda suka fara ɗora shi a kan karatun Alƙur'ani mata ne: mahaifiyarsa Malama Rakiya, da kakarsa. Mahaifiyar ta rasu yana ɗan ƙaramin yaro, bai ma isa shiga elementare ba. Ka ga ke nan, baƙaƙen farko da ya gane a duniya na Larabci ne a kan allo, kuma murya ta farko da ta gyara masa karatu muryar mace ce.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da ya tashi a haka, in ka zo masa da maganar wai mace ba ta da rabo a ilimi, ba sai ya buɗe littafi ya ba ka amsa ba, ya riga ya ga ƙaryar maganar da idonsa tun yana goye. Ni dai a ganina, duk gwagwarmayar da ya yi daga baya a kan karatun mata da 'yancinsu na jefa ƙuri'a, tushenta yana nan a tsakar gidan Sudawa. Matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai a 1976, shi kuwa tun shekarun 1950 yake wannan kira, ana yi masa dariya, wasu ma suna kafirta shi.

Ya shiga elementare ta Shahuci yana da shekara goma, daga nan Midil ta Kano, daga nan Kwalejin Kaduna, wadda asalinta ita ce Kwalejin Katsina, kuma ita ce Barewa ta Zariya a yau. Ya gama a 1942, aka tura shi Bauchi koyarwa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu.

A Bauchi fa Allah Ya haɗa shi da mutane biyu. Na farko shi ne hedimasta, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya daga baya, mutum mai natsuwa, mai auna magana kafin ya furta ta. Na biyu shi ne Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin Bauchi, masanin Larabci da fiƙihu, mawaƙi mai kaifin harshe, wanda shi ma ya haɗa karatun gida da na boko. Da Malam Sa'adu ne jininsu ya fi haɗuwa. Sukan zauna su yi ta muhawara a kan abin da addini ya ce da abin da al'ada ta ƙara, har Malam Aminu ya rubuta littafi a kan rayuwar abokin nan nasa bayan rasuwarsa. Tare da wasu 'yan boko suka riƙa zaman tattaunawa a garin, inda ake tayar da batun mulkin En'e da haraji da albashin manya. Da tambayoyi suka yi zafi, hukuma ta dakatar da zaman. Ka tuna fa, masu yin tambayoyin nan a hannun En'e suke karɓar albashi a ƙarshen wata.

To, yaya yake a cikin aji? Abin da aka sani game da shi shi ne bai yarda aikin malami ya ƙare da bugun ƙararrawar tashi ba. Yakan shirya wa yara wasan kwaikwayo da shi kansa ya rubuta, a ciki a nuna maƙaryaci, da mai cin hanci, da malamin tsibbu mai cin kuɗin jahilai, yara su yi dariya, amma saƙo ya shiga. Ya riƙe ƙungiyar sikawut. Ƙofar gidansa a buɗe take ga ɗalibai, su zo su yi tambaya, su yi gardama. A wancan zamani kuwa, yaro ya ɗaga ido ya dubi malami ma laifi ne, balle ya ce masa "ban yarda ba". Wasu abokan aikinsa suna ganin yana zubar da kwarjinin malanta. Shi kuwa yana ganin yaron da aka saba masa da tsoro a aji, in ya girma zai durƙusa wa duk wanda ya ɗaga masa murya.

A nan ne aƙidarsa take, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi tunani. Mutane da yawa suna zaton ra'ayin Malam Aminu na ƙin zalunci daga Ingila ya kwaso shi. Gaskiya ne ya je Landan a 1946, ya yi karatun aikin koyarwa a Jami'ar Landan, ya kuma zauna da 'yan gwagwarmaya iri-iri a can. Amma tun kafin ya tafi yana da wannan ra'ayi. In ya tashi kafa hujja, ba sunan wani Bature yake kamawa ba, Alƙur'ani yake kamawa, da tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ɗan'uwansa Malam Abdullahi na Gwandu, da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: Shehu ya yi jihadi ne don a kawar da harajin zalunci da cin amanar talaka da barin mata cikin jahilci, to don me za a mai da waɗannan abubuwa da sunan gadon Shehu? Haka kuma al'adar faɗuwa ƙasa a gaban mai mulki, a wurinsa ba maganar siyasa ba ce kawai, maganar tauhidi ce. Goshin Musulmi na Ubangijinsa ne.

Da ya dawo gida, ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi daga Bauchi zuwa Maru, a lardin Sakkwato na wancan lokaci, Jihar Zamfara a yau, inda akwai makarantar horon malamai. A can ya haɗu da wani matashin malamin Larabci, Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zo koyarwa a 1949. A wannan zama ne aka yi wata taƙaddama da ya kamata kowane ɗalibin Islamiyya ya sani. Limamin garin yakan yi taimama ya ba da salla, alhali ga ruwa a garin. Kai da ka karanta Ahalari ko Ishmawi ka san hukuncin: taimama rangwame ce ga wanda ya rasa ruwa, ko wanda ruwa zai cutar da shi saboda rashin lafiya. Malam Abubakar ya ce wannan bai inganta ba, ya hana ɗalibai bin sallar, magana ta kai har gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka bincika, aka ga hujja tana tare da malaman makaranta. Dubi abin mamaki: waɗanda ake yi wa kallon 'yan boko, su ne suka tsaya a kan abin da littafin fiƙihu ya faɗa.

A ƙarshen 1950 Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya shiga NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta na wannan shekara. Ajiye aiki a lokacin ba wasa ba ne. 'Yan Arewa masu irin takardarsa ba su da yawa, da ya yi shiru ya bi layi, da babban muƙami yana jiransa. Ya bar albashi tabbatacce ya koma rayuwar yau da akwai gobe babu.

Kada in ɓoye maka, irin wannan zaɓi iyali ne ke fara ɗanɗana ɗacinsa. Malam Aminu ya yi aure fiye da sau ɗaya, kuma ba duka auren ne ya ɗore ba. Gidansa bai taɓa zama nasa shi kaɗai ba: baƙi, da masu ƙara, da 'yan jam'iyyar da aka sako daga kurkuku, da ɗalibai, kowa nan ya nufa. Matar da za ta zauna a irin wannan gida sai mai haƙuri, kuma in ana yabon malam, ya kamata a tuna da waɗanda suka riƙa dafa abincin wannan taro. Shi ma ɗan Adam ne, yana da zafin harshe, kuma mutanen kirki da yawa sun saɓa masa. Tsohon hedimastansa ma, Malam Abubakar, hanyarsu ta siyasa ta rabu, ɗaya a NPC ɗaya a NEPU.

Amma ka san abin da bai bari ba? Koyarwa. A farkon shekarun 1950 yana cikin na farko-farkon da suka buɗe makarantar Islamiyya irin ta zamani a Kano. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tsarin da ya sani a Midil ya zuba karatun da ya gada a gida a cikinsa. A makarantar allo kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, kuma sai ya yi nisa kafin a fara gaya masa ma'anar abin da yake karantawa. A sabon tsarin kuwa an raba yara aji-aji, ga babban allo a bango, ga lokacin kowane darasi, ana koyar da Larabci a matsayin harshe don yaro ya fahimci abin da yake faɗa a salla, ana haɗawa da lissafi, kuma 'yan mata suna zaune suna ɗaukar karatu. An yi wa makarantun nan adawa ƙwarai, wasu don suna ganin bidi'a ce, wasu don suna ganin na NEPU ne, har da yawansu ba su yi tsawon rai ba. Tsarin dai bai mutu ba. Bencin da kake zaune a kai yanzu, da jadawalin da ke manne a bangon ajinku, suna da alaƙa da wannan ƙoƙari. Ba ina rage darajar makarantar allo ba ne, ai ita ta haifi shi kansa Malam, kuma har yau ba a yi wata da ta fi ta fitar da mahaddata ba.

Haka nan in azumi ya zo yakan zauna ya yi tafsiri da Hausa, jama'a su taru. Ya zama ɗan Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe kwamishinan tarayya na sadarwa, sa'an nan na lafiya, a gwamnatin Janar Yakubu Gowon, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Duk da haka ba a taɓa jin mutanen Kano sun canza masa suna ba. Ba su ce Minista ba, ba su ce Ranka ya daɗe ba. Malam kawai.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja. Bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba. Gidan yana nan, yana hannun Jami'ar Bayero, an mai da shi cibiyar nazari da horarwa a kan dimokuraɗiyya, ana kiransa Gidan Mambayya. Idan malaminku ya shirya muku ziyara can, ku nemi a nuna muku ɗakin da yake kwana da littattafansa, ku kuma yi masa addu'a, shi da matan nan biyu da suka fara riƙe masa allo.

Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu, amin.