Ilmin Falaki a Tsakar Gida

Daga cikin ni'imomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa wa bayinsa ba tare da ya bambanta mawadaci da matalauci ba, akwai wannan sararin samaniya da ke buɗe bisa kanmu kowane dare, wanda galibin mutanen birni ba su ɗaga kai su dube shi sai ran ashirin da tara ga Sha'aban ko ga Ramalana, sa'ad da kowa ke zama masanin falaki na rabin sa'a, ana nuni da yatsa ana gardama. Alhali kuwa kallon taurari sha'awa ce mai zaman kanta, wadda ba ta bukatar takardar shaida, ba ta kuma cin ko sisin kwabo.

Wajibi ne tun da farko a rarrabe tsakanin ilmin falaki da duba. Mai duba yana riya cewa taurari za su gaya masa abin da ke cikin gaibu, wannan kuwa malamai sun yi hani da shi. Amma mai nazarin falaki lissafin tafiyarsu yake yi, domin sanin lokaci da alƙibla da kuma tadabburi cikin halittar Ubangiji. Magabatanmu ba baƙi ba ne a wannan fage, gama malaman zaure sun daɗe suna ƙidayar manzilolin wata guda 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365, da su ne kuma manomi ke sanin lokacin shuka da ƙarshen damina.

Kayan aikin mafari uku ne: ido, da tabarma, da haƙuri. Tabarma domin wuyan ɗan Adam ba a halitta shi don ɗaga kai na sa'a guda ba. Haƙuri kuwa domin ido yana bukatar kamar minti ashirin cikin duhu kafin ya saba, wanda duk ya leƙa wayarsa a tsakani kuma ya koma farko. Saboda haka daren da aka ɗauke wutar lantarki, jama'ar unguwa na ta tsaki, shi ne daren idin mai kallon taurari.

Idan ido ya washe, abin da zai fara lura da shi shi ne waɗansu na ƙyaftawa, waɗansu kuwa haskensu a tsaye yake. Masu ƙyaftawa ranaku ne irin tamu, nisa ne ya ƙanƙantar da su. Marasa ƙyaftawa kuwa duniyoyi ne masu kewaya rana suna aron haskenta, kamar Mushtari da Zuhal da Marriku. Zara da muke gani bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa kafin asuba, duniya ɗaya ce, watau Zuhura, wadda saboda kusancinta da rana ba a taɓa ganinta a tsakar dare. Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, takan bayyana da almuru a lokacin sanyi. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, madubin hangen nesa kuwa ya nuna gommai.

Wanda ya sami irin wannan madubi, ko da ƙarami ne na hannu, to, ya jingina shi bisa katanga don kada ya yi rawa, ya dubi wata a daren bakwai ko takwas, ba a daren sha huɗu ba, domin a daren bakwai ko takwas ne hasken rana ke faɗa masa a karkace, inuwa ta yi tsawo, ramuka da duwatsu su fito ɓaro-ɓaro a kan iyakar haske da duhu. In ya juya ga Mushtari zai ga 'yan ɗigo har huɗu a jere kusa da shi, suna sake wuri daga dare zuwa dare. Su ne watannin Mushtari da masanin falaki Galileo ya gano a 1610. Kada kuma a raina mai sha'awa, gama William Herschel makaɗi ne a birnin Bath na Ingila sa'ad da ya gano duniyar Uranus a 1781, da madubin da ya haɗa da hannunsa.

Tafarkin dai bai rasa 'yan wahalhalu ba. Sauro ba ya girmama ilmi, hazon hunturu kan rufe sama mako guda cur, maƙwabci kuma in ya hangi mutum bisa soro da madubi yakan ɗauka gidansa ake leƙe, don haka ya fi kyau a gayyato shi ya duba da kansa. Gargaɗi guda ne ba wasa a cikinsa: kada a kuskura a dubi rana da madubi ko da tsirarar ido, ko da ranar husufi ce irin ta 29 ga Maris 2006 da ta ratsa Gana da Nijeriya da Nijar, domin makantar da take jawowa ba ta da magani.

Ya kai mai karatu, ka tara yaranka a daren da sama ta yi garau, ka koya musu sunan tauraro ɗaya tak a kowane mako. Kafin shekara ta kewayo za su san fiye da hamsin.