Mai Juna Biyu Da Ba Ta Cin Nama, Kuma Jikinta Ba Ya Karɓar Waken Suya

Idan mai juna biyu ta zo awon ciki ta ce ba ta cin nama, yawanci shawarar da ake fara ba ta ita ce ta riƙa cin awara, ta kuma riƙa shan madarar waken suya. Shawara ce mai kyau ga mafi yawan mata, domin waken suya ya fi wake da gyaɗa sinadarin gina jiki, ga shi da araha. To amma akwai matan da jikinsu ba ya jituwa da shi ko kaɗan. Wata tsadar nama ce ta raba ta da shi, wata cikin ne ya sa ko warinsa ba ta so, wata kuma ra'ayinta ne, ta bar nama da kifi da ƙwai da nono gaba ɗaya. Kowacce ce a cikinsu, in waken suya ya fita daga abincinta, sai an sake mata tsari.

Borin jini ne ko kumburin ciki?

Ba duk wadda awara ta dama ce ke da borin jini ba. Kumburin ciki da yawan iska bayan cin dangin wake abu ne da aka saba, musamman ga mai ciki, kuma ba shi da haɗari. Borin jini daban ne. Garkuwar jiki ce ke ɗaukar sinadarin waken a matsayin abokin gaba, sai ta tayar masa da faɗa. Alamomin kan bayyana daga 'yan mintoci zuwa awa biyu bayan an ci: ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, ruɗu-ruɗu a fata, kumburin leɓe ko fatar ido, amai ko gudawa. Dafawa ko suya ba sa kawar da matsalar.

Idan kina zargi, faɗa wa likita. Kada ki ce bari ki ɗan ɗanɗana a gida ki gani. Ko a asibiti, gwajin ba mutum abincin ya ci a gaban likita akan jinkirta shi sai bayan haihuwa.

Maigida da sauran mutanen gida, wannan naku ne. In ta ci wani abu sai harshenta ya kumbura, muryarta ta dishe, numfashi ya yi mata wuya ko jiri ya kwashe ta, a kawo ta asibiti nan take. Kada a tsaya ba ta manja ko jiƙo. A kwantar da ita ta ɓangaren hagu, in kuwa numfashi ya fi damunta a jingina ta, kada a bari ta taka da ƙafarta. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce a cinya, kuma ana yi wa mai ciki. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe.

Inda waken suya ke ɓuya

Barin awara shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wurin abincin da ba a ganin waken a cikinsa. Daddawar da ke kasuwa ba duka ce ta kalwa ba, akwai ta waken suya. Garin kunun da ake haɗawa da gero da gyaɗa sau da yawa akan zuba masa shi. Haka nan wasu dunƙulen miya, da biskit, da burodi, da madarar gari mai arha. Ki riƙa duba jikin leda ko gwangwani, ko ki sa a duba miki, a nemi kalmar soya ko soy. A kayan da ke da rubutun Faransanci za ki ga an rubuta soja, to ba sojan bindiga ake nufi ba, waken ne.

Wurare biyu ne mata suka fi mantawa da su. Na farko injin markaɗe: in an markaɗa waken awara kafin a zuba naki waken ƙosai, ragowar za ta shiga. Ki ce a wanke injin, ko ki kai naki da sassafe. Na biyu kaskon mai tuya, domin a mai ɗaya ake soya awara da dankali da doya. Shi kuwa man waken suya da aka tace a kamfani, yawancin masu borin jini ba ya yi musu komai, amma ki bari likitanki ya yanke wannan hukunci.

Me za ki ci?

Ba za ki rasa abin gina jiki ba. Wake da gyaɗa da gurjiya dangin waken suya ne, shi ya sa wasu ke tsorata su bar su duka. Babu buƙatar haka. Mafi yawan waɗanda waken suya ke tayar wa bori suna cin sauran lafiya lau, sai dai in sun taɓa yi miki wani abu, to ki sanar da likita.

Dabarar ita ce haɗa hatsi da dangin wake, domin abin da ya yi ƙaranci a ɗaya yana cikin ɗayan. Iyayenmu sun daɗe da yin haka: shinkafa da wake, ƙosai da koko, alale, ɗanwake, faten wake, kunun gyaɗa, tuwo da miyar agushi ko ta riɗi, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ki tabbata ɗaya daga cikin irin waɗannan ya shiga cikinki safe da rana da dare, musamman daga wata na huɗu zuwa sama, lokacin da jariri ke ƙara girma. Riɗi da kuka da zogale kuma suna taimakawa da sinadarin ƙarfafa ƙashi, wanda masu shan nono ke samu daga nono.

Abin da ganye ba zai ba ki ba

Nan ne na fi so ki natsu. Sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye, jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Lemo, gwaiba ko ɗanyen tumatir tare da abinci suna taimaka masa ya shiga, shayi kuwa yana hana shi, don haka ki raba shayi da lokacin cin abinci. Duk da haka abinci kaɗai ba ya isa. A shawarwarinta na shekarar 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini mai miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum. Su ne ake ba ki a wurin awo, kada ki ajiye su a ƙarƙashin katifa.

Sai bitamin B12. Shi ba a samunsa a wake, ba a gyaɗa, ba a zogale duk da yabon da ake yi masa. Daga nama, kifi, ƙwai da nono yake zuwa. Rashinsa na kawo ƙarancin jini da kasala da jin ƙafafu kamar ana tsira allura, yana kuma iya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jariri, tun a ciki har lokacin shayarwa. Wani abin lura, folik asid na iya gyara jinin ya ɓoye rashin, alhali jijiyoyi na ci gaba da cutuwa. In tsada ko warin nama ne matsalarki, ƙwai, kindirmo ko ɗan busasshen kifi a miya za su taimaka ƙwarai. In kuwa kin bar duk abin da ya fito daga dabba ne, babu makawa sai kin sha ƙwayar B12 ko an yi miki allurarsa har ki yaye. Ba kowace ƙwayar bitamin ce ke ɗauke da shi ba, ki tambaya.

Ki sa a rubuta borin jinin a saman katin awonki, ki kuma maimaita wa ungozoma ranar da kika zo haihuwa, domin a kula da kunun da 'yan uwa za su kawo miki. Ba dole ne jaririnki ya gaji matsalar ba. Ki ba shi nono zalla har wata 6, in lokacin fara kunu ya zo ki tambaye mu kafin a sa masa garin da ke da waken suya.